Ido, hannu da shiru a ɗakin duba marasa lafiya

Bencin jira na cibiyar lafiya a Tahoua yakan haɗa mutanen da harshe bai haɗa su ba. Ga Ba'adara da ta goyo ɗanta daga wajen Keita, ga dattijon Abzinawa da ya sauko daga Abalak ya ja amawali har bisa hanci, ga Bafillatanar da ta ajiye ƙwaryar nononta a bakin ƙofa. Mai duba su kuma wataƙila Bazabarmiya ce da aka turo daga Yamai ko Doso, karatunta duk da Faransanci ta yi shi, Hausarta ta cefane ce. A irin wannan ɗaki, kafin a kai ga tambayar abin da ya kawo mutum, an riga an yi zance mai yawa da ido da hannu da yanayin zama, kuma yawancin kurakurai daga nan suke tasowa.

Abu na farko da aikin ke koya wa mutum shi ne, mara lafiya ne ke fara duba ma'aikaci. Tun daga bakin ƙofa ya gama auna ka: ka ɗago kai ko ka ci gaba da rubutu, ka amsa sallama da baki ko da hanci, ka nuna masa kujera da tafin hannu ko da bakin alƙalami. Binciken da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranta a manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, wanda ya fito a 2003, ya nuna yadda baƙon da bai san kowa ba a asibiti kan shiga ya fita ba a gaishe shi ba, ba a ko dube shi da kyau ba, alhali ɗan uwa ko wanda wani babba ya aiko ana tarbarsa da fara'a. Wanda aka tarba da ɗaurarriyar fuska yakan gajarta bayani. Ya ce "masassara", ya karɓi takardar magani, ya kwashi sauran ciwonsa ya kai wa mai tallan ƙwayoyi a tasha.

Gyaran wannan ba ya cin rabin minti. Ka ajiye alƙalami, ka kife waya, ka amsa sallama cikakkiya. Gaisuwa biyu ko uku ta isa, ina kwana, ina gajiya, ya mai jiki, tare da sunan girman da ya dace: Inna, Baba, Malam, Hajiya. Kada tambaya ta fara sai mutum ya zauna ya daidaita, mai goyo ta sauke ɗanta a cinya. Kujerar mara lafiya kuma a kusurwar tebur ake ajiye ta, ba gaba da gaba ba, kuma dalilin yana da nasaba da ido.

A tarukan horaswa ana yawan nanata wa ma'aikata su kalli mutum cikin ido don ya san ana sauraronsa, wai kuma mai kauce wa ido akwai abin da yake ɓoyewa. Shawarar ta fito ne daga ƙasashen da yaro ke kallon ubansa ido cikin ido ana yaba masa. A Adar yarinyar da ta tsaya ta zuba wa babba ido tsaurin ido ta yi. Amarya gaban surukai, almajiri gaban malaminsa, talaka gaban hakimi, mace gaban namijin da ba muharraminta ba, duk kai a sunkuye ne, ido a ƙasa ko a gefe, yatsu na wasa da bakin mayafi. Ma'aikacin da ya kafe irin wannan mace da ido yana jiran amsa, ƙara rufe mata baki yake yi. Haka namijin Abzinawa: in ya ja amawali sama lokacin da ka matso, girma ya ba ka, irin wanda yake ba surukinsa. In kana bukatar ganin harshe ko dasashi, ka nemi izini, ka rage mutanen da ke ɗakin, ka bar shi ya sauke da kansa. Ba a kai hannu ga rawanin mutum.

Zancen cewa maƙaryaci ba ya haɗa ido kuwa, ba mu kaɗai muka yarda da shi ba. Wani bincike da aka yi a ƙasashe 75, wanda ya fito a 2006, ya samu cewa wannan ce alamar da mutane suka fi ambata a duniya. A shekarar nan dai Charles Bond da Bella DePaulo suka tattara gwaje-gwaje fiye da 200, suka ga mutane na gane gaskiya da ƙarya daidai sau 54 ne kawai cikin 100, alhali mai canki-canka ma zai samu 50. Ke nan wanda ya ce shi da kallo ɗaya yake gane mai ƙarya, kansa yake ruɗi.

Abin da ke aiki shi ne ka dubi fuska lokacin da kake tambaya, sannan ka saki mutum ya amsa, idonka ya koma ga katin awo ko ga yaron ko ga hannuwansa. Zaman kusurwa ne ke ba da wannan dama, don kowa na da inda zai ajiye idonsa ba tare da ya zama kauce wa juna ba. Sannan kada ka fassara alama ita kaɗai, canjinta za ka bi. Tsohuwar da ta shigo tana kallonka tana zolaya, da ka ambaci zubar jini ta sunkuyar da kai, ta faɗi wani abu. Yarinyar da tun shigowarta kanta na ƙasa, da ka ambaci maigida ta ɗago ta dubi ƙofa, ita ma ta faɗa. Amfanin gaisuwa na biyu ke nan: a cikinta kake ganin yadda mutum yake in ba a taɓo inda ke masa ciwo ba, ka samu abin gwada sauran.

Akwai wasu alƙaluma da masu horaswa ke son rubutawa a allo, wai kalmomi kashi 7 ne kawai na saƙo, murya 38, fuska 55. Daga gwajin Albert Mehrabian na 1967 a Amurka suka fito, kuma gwajin a kan kalma guda-guda ne da aka naɗa da hotunan fuska, ana tambaya ko mai maganar na son wanda yake wa magana ko ba ya so. Bai shafi bayanin magani ko na ciwo ba, in ba haka ba da ba a neman tafinta. Ɗan gaskiyar da ke ciki ita ce, in baki da fuska suka saɓa, fuska ake bi. Kowa ya ga haka a wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya da sunan Nijar a 2014: Bafillace zai shigo ya yi wa ma'aikaciya Babarbariya tatas, idonsa na dariya, kuma daga nan bakinsa ya buɗe. Sai dai a bar mara lafiya ya fara wasan.

Alamar da ta fi jawo asara ita ce gyaɗa kai. Ka yi bayani, an gyaɗa kai, ka ɗauka an gama, alhali sau da yawa ladabi ne kawai: babba na magana, ba a katse shi, ba a kuma ce masa ba a gane ba. Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi sani da Coartem. Mai nauyin kilo 35 zuwa sama ƙwaya huɗu yake sha a lokaci guda, sau shida cikin kwana uku, 24 ke nan, sha na biyu bayan awa takwas da na farko, kuma da madara ko abinci mai maiƙo. Wata za ta koma gida ta riƙa shan ɗaya safe ɗaya dare. Wani zai daina rana ta biyu da jiki ya yi sanyi, ya ajiye saura don yara. Wani kuma layukan da ka zana a leda don nuna sau nawa, shi ya karanta su a matsayin ƙwaya nawa. Dukansu sun gyaɗa kai.

Maganin abin a hannu yake. Ka miƙa mata fakitin ka ce, "Inna, gwada mini nawa za ki sha in kin koma gida. To da dare fa? Gobe da safe?" Sai ka zuba wa yatsunta ido. In ta ɓare huɗu ta tara a tafin hannu, ta gane. In yatsa ya tsaya a kan ƙwaya ɗaya tana satar kallonka, a sake bayani, ba tare da canza fuska ba. A ɗaure lokaci da salla maimakon agogo: wanda ya sha na farko ƙarfe 10 na safe, na biyu wajen magariba ne. Haka ruwan gishiri da sukari na gudawa, fakiti ɗaya cikin lita ɗaya. Kada ka kwatanta lita da hannu a iska, don kwanon kowane gida daban ne. A ajiye kwalba mai shaida a tebur, ko a nuna ledar piya-wata biyu masu rabin lita.

Sai shiru, wanda ma'aikata suka fi kowa tsoronsa saboda layi. A 1984 Howard Beckman da Richard Frankel sun auna a Amurka, suka ga likita kan katse mara lafiya bayan daƙiƙa 18 a matsakaici. A 2002 aka gwada barin marasa lafiya su yi magana ba katsewa a wani asibitin birnin Basel na Suwizalan, sai matsakaicin ya tsaya a daƙiƙa 92, mafi yawansu sun gama kafin minti biyu. Layin ba zai lalace don minti biyu ba. Bayan tambaya ka ƙirga biyar a zuci kafin ka ƙara wata. Kuma shiru iri-iri ne. Mai tunani idonsa na sama, yatsu na lissafin kwanaki, wannan jira kawai yake so. Mai kunya a rage masa ƴan kallo, a sassauta murya. Wanda bai gane ba yakan dubi bakinka sannan ya dubi ɗan rakiya, sai a canza kalma, ɗaga murya ba ya ƙara komai. Wanda bai yarda ba kuwa leɓe a tsuke, gwiwa ta juya wajen ƙofa, hannu ya fara tattara kaya. Shi wannan in ba ka tsaya ka tambaye shi abin da ke ransa ba, takardar da ka rubuta ba za ta isa kantin magani ba.

Ɗan rakiya ma abin kallo ne. Mazan Adar da yawa suna cin rani a Abijan ko Libiya ko Najeriya, saboda haka mace takan zo da uwar miji ko ƙanen miji. In kafin kowace amsa sai ta saci kallon wanda ya rako ta, amsarsa kake ji. Korar tsohuwa kai tsaye kuskure ne, don ita ce za ta yanke ko a sayi maganin ko a dawo. Ka fara sauraronta, ka yi mata godiya, sannan ka ba ta aiki: "Inna, riƙe mana jinjirin a waje in auna ta." Bayan labule sai a sake tambayar. Zancen haila, tazarar haihuwa, ko duka, ba a yin sa gaban ɗan rakiya. In da tafinta ake aiki, mara lafiya za ka duba, kuma in ta yi dogon bayani shi ya dawo maka da kalma biyu, ka ce ya maimaita duka.

Sabon ma'aikaci yakan yi wa uwar ɗan fari mummunar fahimta. Ba ta kiran sunan yaron, ba ta rarrashinsa gaban manya, kaka ce ke riƙe da shi tana amsa tambayoyi, ita tana gefe kamar ba nata ba. Kunyar ɗan fari ce, kuma a wajen Fulani ta fi ma ƙarfi. Ka duba wutsiyar idonta lokacin da aka ɗauki yaron zuwa sikeli, za ka ga tana bin sa. Ita ce ta san sau nawa ya sha nono cikin dare, sai dai a keɓe za ta faɗa.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ɗakin haihuwa ya ƙaryata wannan sau ba adadi. An tarbiyyantar da mata da yawa a kan cewa kuka a naƙuda abin kunya ne, musamman haihuwar fari. Mace za ta shigo da ƙafarta, ta gaida kowa, ta zauna a bakin benci fuska ba yabo ba fallasa, alhali haihuwa ta kusa. A bar fuskar a duba wasu wurare: ta yanke magana a tsakiya ta riƙe numfashi, ta damƙe bakin benci ko ƙyauren ƙofa, yatsun ƙafa sun lanƙwashe cikin silifa, gumi ya tsatso a kan hanci ko da lokacin ɗari ne, ta zauna a gefe guda ta kasa daidaita. Waɗannan suna cewa a shigar da ita yanzu, amma ba su maye gurbin awo ba. Hannu a kan ciki minti 10 cur, a ƙirga sau nawa ya murɗa da tsawon kowanne, ƙasa da daƙiƙa 20, tsakanin 20 da 40, ko sama da 40. Ita kuma mai ihu, da zarar an laƙaba mata raki an daina jin ta, kuma a nan ake yin sakaci. Mafi hatsari ita ce wadda take nishi sai ta yi tsit, tafin hannu da cikin fatar ido suka yi fari, jiki ya yi sanyi da gumi, tana neman ruwa. Wannan ba sauƙi ta samu ba. A duba bugun jini da awon jini da zubar jini nan take.

Maza ma haka, makiyayi zai ce "da sauƙi" yana tafe a duƙe. Tafiyarsa daga ƙofa zuwa kujera tana cikin awo, saboda haka kada idonka ya kasance a kan rajista lokacin. Ka ce ya nuna wurin da yatsa ɗaya. Wanda ya ɗora yatsa a wuri guda, da wanda ya shafa cikin duka da tafin hannu, da wanda ya dunƙule hannu a ƙirji, bayani uku ne mabambanta. In kana danna ciki, fuskarsa za ka duba, don ƙyaftawar ido da cije leɓe suna riga baki. Yaro ƙarami kuwa, mai tsala kuka yana turjewa bai kai wanda ya yi laƙwas ba ya ko bin ka da ido ban tsoro ba. Tsarin duba shi ma daga nesa yake farawa: yana cinyar uwarsa a natse, a ɗaga riga a ƙirga numfashi minti guda cikakke. Daga wata 2 zuwa ƙasa da shekara, 50 ko fiye ya yi sauri, daga shekara 1 zuwa ƙasa da 5 kuma 40. In ka fara da taɓa shi ya fashe da kuka, lissafin ya ɓaci. Allura ce ta ƙarshe.

Hannun ma'aikaci shi ma yana da nasa laifuffuka. Kati da magani da canji da dama ake miƙa su, in ta cika a ce a yi haƙuri da hagu. Kiran mutum daga layi da tafin hannu a kife ake yi, yafito da yatsa ɗaya a sama raini ne. Wanda ya fi faruwa ba da niyya ba shi ne nuna kwana biyar: ka ware yatsu biyar ka miƙa tafin wajen fuskar dattijo, daƙuwa ka yi masa. A juya bayan hannu, ko a ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya a kan tebur. Musafaha tsakanin mace da namiji a jira ɗayan ya fara, in bai miƙo ba hannu a ƙirji ya wadatar. Masani Edward Hall ya kasa tazarar da ke tsakanin mutane a 1966, ta kusa har santimita 45, ta sabo har mita 1.2, ta hulɗa har mita 3.6, amma Amurkawa ya auna. A nan abokai maza na tafe riƙe da hannun juna, mata na matse a benci ɗaya, namiji da matar da ba tasa ba kuwa sukan bar fili mai yawa. Jinsi da shekaru ne ma'aunin. Kafin taɓawa a faɗa, a ja labule, a buɗe wurin da za a duba kaɗai, a Disamba da Janairu a murza hannu ya yi ɗumi. Tsohon da ya ƙi kujera ya tsuguna a ƙasa kuma, kada ka tsaya a kansa kana jero tambayoyi, ka jawo ƙaramar kujera ka rage tsawo.

Abin da ya fi wuyar kamewa shi ne fuskarka lokacin da ka ga abin da ba ka so. Miki da aka cusa wa gari, yaron da wanzami ya cire wa belu, ciki mai tsagar ƙaho. Tsaki ɗaya, taɓe baki, haɗa ido da abokin aiki, ko komawa Faransanci da murya ƙasa-ƙasa, uwar ba ta jin Faransanci amma wannan ta ji shi sarai. Ba za ta daina zuwa wurin wanzami don an harare ta ba. Abin da za ta daina shi ne faɗa maka, kuma jiƙon da aka ɗura wa yaro jiya shi ne bayanin da ka fi bukata. Nasiha tana da lokacinta, bayan an gama jin komai. Takunkumin fuska da ya zama ruwan dare a 2020 ya ƙara wahalar, don ya rufe murmushi ya bar gira da murya, kuma kurma da tsoho mai nauyin ji da bakinka suke kamawa.

A lura da tashi. Wadda ta samu abin da ta zo nema takan miƙe ta goya ɗanta ta yi godiya ta wuce. Wadda ke jan ɗaurin zane, tana sake ninke takarda, ta kai ƙofa ta tsaya, akwai saura, kuma sau da yawa shi ne ainihin abin da ya kawo ta. Kada ka kira na gaba tukuna. Ka ce, "Hajiya, dawo ki zauna, akwai wani abu ko?" ka kuma mayar da idonka kan kati.

Abin da aka gani a rubuta shi yadda aka gan shi, ban da fassara. "Tana yanke magana duk bayan minti uku, gumi a goshi, ta kasa zama daidai" ko "ya ƙi taka ƙafar dama, yana riƙe ƙasan ciki". Mai karɓar aiki da dare zai iya komawa ya duba ko gumin ya ƙaru ko tazarar ta ragu. In aka rubuta masa "raki" ko "ba ta ba da haɗin kai", babu abin da zai auna, kuma da wannan idon zai shiga wurinta.